Tiren daskarar da abincin yara: yana da amfani, amma sai da wuta

Tun da yarona ya cika wata 6 na fara ba shi abinci tare da nono, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, nake amfani da tiren nan na roba mai laushi da ake kira silikon. Ramuka ne da shi irin na tiren ƙanƙara, sai dai ya zo da murfi. Ni ma'aikaciya ce, ba kullum nake samun sararin hura wuta saboda cokali uku na dafaffiyar kabewa ba. Shi ya sa na saya.

A wajen aikin da aka yi shi dominsa ban ga laifinsa ba. Ran Asabar zan dafa kabewa, dankalin Hausa, karas da wake wanda na surfe, kowanne daban, babu gishiri babu magi. In niƙa, in baza a faranti ya huce da wuri, domin dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, balle a zafin Kano na watan Afrilu, inda awa 1 ma ta isa. Sai in zuba a ramukan in rufe. Washegari da na danna ƙasan tiren ƙwayoyin za su fito sumul, in juye a leda mai zif in rubuta kwanan wata. Ramin nawa yana cin kamar cokali biyu, don haka iya abin da yaro zai ci kawai nake ɗauka, ba asara.

Kabewa da dankalin Hausa sun fi komai jure firiza. Niƙaƙƙen naman kaza ma lafiya lau. Kunu kuwa kada ki wahalar da kanki: in ya narke sai ya tsinke, ruwa gefe guda gari gefe guda. Ki ajiye garinki na gero, gyaɗa da waken suya a mazubi mai murfi, ki dama sabo, ai ba ya cin lokaci. Ayaba baƙi take yi. Shinkafa ita ma na fi son sabuwa, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira bayan dahuwa, ta hayayyafa in shinkafar ta daɗe a waje.

Murfin ne bai gamsar da ni ba. Ba ya kama baki sosai, kuma firizarmu ta gida ce, ga kifi ga daddawa, sai abincin ya ɗauki wari in ya kwana biyu a tiren. Manja da karas suna rina tiren, kuma in ya cika lanƙwashewa yake, sai da faranti a ƙasa.

Amma babbar magana ita ce wuta, kuma mai sayarwa ba za ta gaya miki wannan ba. Daskararren abinci yana buƙatar sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. In aka ɗauke wuta, firizar da ke cike tana riƙe sanyi kusan awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, mai rabin kaya kusan awa 24, firji kuwa awa 4 ne kawai. Wace uwa ce za ta hana yara buɗe firiza neman ruwan sanyi? Ni dabarata ita ce in cusa ledar can ƙasa tsakanin robobin ruwa da suka daskare. Kuma ƙwayoyin abincin da kansu suna tona asiri: in na ga sun manne sun zama dunƙule ɗaya, na san sun narke sun sake daskarewa. Zubarwa nake yi ko da bai canza wari ba, domin hanci ba ya jin ƙwayar cuta, kuma gudawa a ɗan wata bakwai ba abin wasa ba ce. Littattafai suna cewa abincin zai iya kai wata 1 zuwa 3, amma da irin wutarmu ni kaɗan-kaɗan nake yi, wanda zai ƙare cikin mako.

Surukata ta ce abincin kwana ba na jariri ba ne, kuma a gidan da babu tsayayyen sanyi gaskiyarta ne. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne ganin yadda nake ɗumamawa: daga firiza kai tsaye zuwa ƙaramar tukunya, ya yi zafi har tururi ya tashi ta ko'ina, in juya, in bari ya huce, in gwada a bayan hannuna. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Ragowar da cokali ya shiga bakin yaro ya dawo cikinta ba ta komawa firji.

Idan kina da sola ko unguwarku na samun wuta sosai, ki saya, har biyu ma, ɗaya na kayan lambu ɗaya na nama. Idan kuwa firizarki takan wuni tana zubar da ruwa, ki bar kuɗinki, ki riƙa ɗibar wa yaro nasa daga tukunyar gida kafin ki sa gishiri da yaji.