Sharhi: Life Is Beautiful, wasan Koriya mai tsawo da ɗan fari mai ɓoyon sirri

Wanda ya saba da wasannin Koriya na yanzu masu kashi 16 zai ji jiki da wannan. Kashi 63 ne, tashar SBS ta haska shi a 2010, Kim Soo-hyun ce ta rubuta, dattijuwar da ta shekara da shekaru tana rubuta labaran iyali. Ga jan lokaci. Sai a zauna cin abinci, kai ma ka tashi ka ɗora ruwan shayi ka dawo, ba su tashi daga tebur ba.

Labarin babban gida ne a tsibirin Jeju, suna da masaukin baƙi. Har kaka namiji akwai, wanda ya gama yawonsa wurin wasu mata, tsufa ya koro shi gun uwargida. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne Tae-sub, ɗan fari, likita, wanda ake ta matsa wa ya yi aure alhali namiji yake so, wani mai ɗaukar hoto, Kyung-soo. Na faɗa tun yanzu domin kowa ya san abin da ke ciki kafin ya kunna.

Abin da ya riƙe ni matar uban Tae-sub ce. Mun saba a nuna matar uba muguwa, a nan kuwa ita ya fara buɗe wa cikinsa, yana kuka kamar ransa zai fita. Kim Hae-sook ta taka rawar nan yadda ya kamata: fuskarta ta nuna kaɗuwa, sannan tunanin yadda za ta tunkari maigida da maganar. Mahaifiyar Kyung-soo kuma ba ta sauko ba, marubuciyar ba ta yi mata kwaskwarima ba.

A Koriya ma ba a yi shiru ba. Wasu ƙungiyoyin iyaye sun sayi shafi a jarida suna la'antar SBS, tashar kuma ta yanke wurin da Tae-sub da Kyung-soo suka yi alkawari a coci, abin da ya fusata marubuciyar. Shekara goma kafin nan, a 2000, ɗan wasa Hong Seok-cheon ya rasa ayyukansa na talabijin saboda ya bayyana cewa maza yake so. Har yau dokar ƙasar ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba.

Daga baya na duba Semantic Error na 2022, kashi 8 gajeru a manhajar Watcha, soyayyar ɗaliban jami'a biyu maza da rigimar aikin rukuni ta haɗa. Hoto tsaf, samari 'yan gayu, sai dai babu uwa, babu kawu, babu mai tambayar "yaushe za mu sha biki?" Ban ga Koriyar ba a ciki, ado kawai na gani. Tsohon wasan ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, domin ya nuna abin da maganar ke jawo wa gida gaba ɗaya.

Aibinsa: hoton ya tsufa, labaran wasu 'yan gidan cikon benci ne, kuma kashi 63 na cin data ba kaɗan ba. Idan za ka kalla, nemi mai fassarar Turanci mai kyau, don wadda na fara samu tana tsallake rabin zancen kaka.