Kwamfutar rubutun Rashanci ga mai naƙasa: me za a saya, me ake samu kyauta

Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Rasha shekara biyu bayan hatsarin babur ɗin da ya kashe masa hannun dama. Da yake duk dangi ni kaɗai na taɓa zama a can, sai aka turo shi wurina da kuɗin laftof a aljihu da dogon jerin kayan da wani ya rubuta masa. Na karɓi takardar na ajiye gefe, na ce ya fara rubuta mini layi ɗaya da Rashanci a tsohuwar kwamfutata. Haruffan ba su ba shi wuya ba, yana bi yana lalube da yatsa. Can sai ya tsaya.

"Kawu, ina waƙafin yake?"

Na nuna masa. A tsarin da Rashawa ke amfani da shi, aya da waƙafi maɓalli ɗaya suka haɗa, can kusurwar ƙasa ta dama, kuma waƙafi ba ya fitowa sai an riƙe Shift. Sai da ya ɗauke hannun hagun ɗungurungum ya kai can, ya murɗe wuyan hannu, ya danne da yatsa ɗaya ya taɓa da ɗaya. Rashanci kuwa harshe ne mai cin waƙafi, da wuya ka gama doguwar jimla ba ka sa biyu ko uku ba. Babu ko abu ɗaya a jerin nan nasa da zai magance wannan, kuma maganin ba na kuɗi ba ne.

Shi ya sa nake cewa zaɓin farko shi ne tsarin haruffa, tun kafin a je kasuwa. Rashanci yana da haruffa 33, Ingilishi 26, don haka bakwai ɗin da suka yi rara sun mamaye wuraren baka da sauran alamomi. Tsarin da aka saba ana kiransa ЙЦУКЕН, daga haruffa shida na farkon layin sama. Shi za ka tarar a ɗakin jarrabawa, a laburare, da kowace kwamfutar da aka sayar a Mosko. Yana da wata fa'ida da masu hannu biyu ba su cika lura da ita ba: haruffan da aka fi yawan amfani da su, irin su О da А da Е da Н da И da Т, duk a tsakiya aka tara su. Wanda ke rubutu da yatsa ɗaya, ko da ɗan sandan da ake riƙewa a baki, ba zai yi ta safa da marwa daga wannan gefe zuwa wancan ba. Ɗan tudun nan da ke kan F da J ma ya faɗo daidai kan А da О, abin da makaho zai ji daɗinsa.

Akwai kuma tsarin da ke bin sauti, inda za ka danna A ka samu А, ka danna D ka samu Д. A Windows sunansa Russian Mnemonic, a Mac kuma Russian QWERTY, wanda a da ake kira Russian Phonetic. Ranar farko daɗi gare shi, musamman ga wanda hannunsa ya riga ya haddace madannan Ingilishi. Amma na Windows ɗin yana sa a danna maɓalli biyu a jere don wasu haruffa, kuma duk ranar da aka zaunar da kai gaban kwamfutar wani, ka koma ɗan koyo. Ina ba da shawararsa ne kawai ga dattijo ko mai lalurar da koyon sabon tsari zai gajiyar da shi, wanda kuma a kwamfutarsa kaɗai zai riƙa rubutu, misali mai aika wa surukai ko abokan kasuwanci saƙo daga gida.

Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ya fitar da yaron nan kunya. Sunansa Russian Typewriter, yana cikin Windows tun asali. Haruffa suna nan inda suke a ЙЦУКЕН in ban da Ё da ta sauko ƙasa, amma alamomin rubutu sun koma layin lambobi kuma suna fitowa da dannawa ɗaya: waƙafi a kan 6, aya a kan 7. Lambobin ne yanzu ke neman Shift. Mai rubuta dogayen bayanai ya ci riba. Mai karatun lissafi ko injiniya da ke cika shafi da alƙaluma sai ya yi tunani, ko ya nemi allon madannai mai rukunin lambobi a gefe.

Bayan tsari sai abubuwan da ke cikin kwamfutar waɗanda ba a biyan ko kwabo. Danna Shift sau biyar a jere yana kunna Sticky Keys, wato ka danna Shift ka saki, sannan ka danna harafin, ba sai an haɗa su lokaci guda ba. Mai karkarwar hannu da ke samun harafi uku a madadin ɗaya ya riƙe Shift na dama na daƙiƙa takwas, Filter Keys zai kunnu ya riƙa watsi da maimaicin da ba a yi niyya ba. Akwai allon madannai na kan fuskar kwamfuta da ake taɓawa da linzami, wato mouse, kuma yana komawa haruffan Rashanci da zarar an sauya harshe. Sauya harshen ana yinsa da Alt da Shift na hagu, ko maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Wani gargaɗi a nan: Windows na ba da damar sauya harshe da maɓalli ɗaya tal, wanda ke ƙarƙashin Esc, kuma mai hannu ɗaya zai yi saurin zaɓarsa. To nan ne gidan Ё a tsarin da aka saba. A Mac abin ya fi sauƙi, ana iya ɗora wannan aikin a kan Caps Lock.

Yanzu a zo kan kuɗi. Hanya mafi araha ta ganin haruffan ita ce sitika. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Masu garai-garai suna barin harafin Ingilishi a fili, su ƙara ɗan ƙaramin na Rashanci a kusurwa, galibi ja ko shuɗi. Ga mai lafiyar ido sun wadatar. Ga mai raunin gani kuwa asarar kuɗi ne, domin Ш da Щ ƴar alama kaɗai ta raba su, haka Ь da Ъ, haka И da Й. Shi ya nemi masu manyan baƙaƙen haruffa a kan ɗorawa, ko farare a kan baƙi, ya haƙura da hasken da ke fitowa ta ƙarƙashin madannai domin za su toshe shi. Sitika tana ɗagowa da zafi da gumi, kuma mai dannawa da ƙarfi ko da sanda zai cinye ta cikin ƴan watanni, saboda haka a sayi biyu. Ƴan uwa na Nijar su lura: laftof ɗin da ya fito daga Faransa tsarin AZERTY gare shi, inda A ke zaune a gidan Q, haruffan Rashanci kuma wuri suke bi, ba harafin da ke rubuce ba. Й tana maɓallin farko bayan Tab, ko Q ce a kansa ko A.

Wanda zai tafi Rasha yana da zaɓin da ya fi sitika. Shagunan gyaran kwamfuta a manyan biranen suna zana haruffan a jikin madannai da hasken leza, ba ya gogewa, kuma haske na ratsa shi. Allon madannai na waje mai haruffan Rashanci tun daga masana'anta kuwa kamar ƙasa yake a Ozon da Wildberries, manyan shagunan intanet na ƙasar. Ni a ganina, ga mai naƙasar hannu allon waje ya fi na jikin laftof ko da wane iri ne, domin ana iya karkata shi, a matso da shi gefen hannun da ke aiki, a ɗora shi a cinya ko a tiren keken guragu.

Girmansa fa? Nan ne na yi nawa kuskuren. Na ce tunda hannu ɗaya ne, a nemi mafi ƙanƙanta, sai na sayo irin ɗan mitsitsin nan na masu wasan kwamfuta a wani shago. Da muka jona, babu maɓallin Ё sam, an cusa shi cikin Esc, sai an haɗa da Fn. Kibiyoyin ma haka. Wato na sayo wa mai hannu ɗaya allon da kusan komai sai an riƙe biyu. Mai shagon ya ƙi karɓa tunda an buɗe kwali. Abin da ya dace shi ne matsakaici, wanda aka cire wa rukunin lambobi na gefe kawai. Mai karkarwa ko mai shanyewar da ke sa hannu ya faɗa kan madannai da yawa, nasa akasin haka ne: manyan maɓallai masu tazara. Clevy, na wani kamfanin ƙasar Holan, yana da samfurin Rashanci, kuma ana sayar da shi da murfin roba mai huji-huji da ake ɗorawa a kai, hannu ya huta a kan murfin, yatsa ya shiga rami ɗaya kawai. Yana da tsada, amma ga mai wannan lalura murfin nan ya fi kowace manhaja amfani. A madadin linzami kuma a duba mai ƙwallo a sama irin na Kensington, wanda ake juyawa da tafin hannu ba tare da an ja shi a tebur ba.

Ita kanta kwamfutar ba ta buƙatar wani ƙarfi na a zo a gani, rubutu ne. Abu biyu kawai za a duba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka in na hannu za a saya, a tabbatar yana ɗaukar Windows 11. Na biyu, a ina za a saya? Laftof da yawa a Rasha ana sayar da su babu Windows a ciki, wasu kuma da samfurin harshe ɗaya wanda duk umarninsa Rashanci ne kuma ba ya sauyuwa. Ka yi tunanin makahon da bai gama ajin share fage na koyon harshe ba, a ce kwamfutarsa da Rashanci kaɗai take masa magana. Ga shi tun Maris 2022 katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje ba sa aiki a can. Ni dai na ce a sayi laftof a gida, a girka komai a gwada, allon madannai kuma a bari sai an isa. A tafi da abin sauya bakin soket, nasu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Nijar.

Ga makaho, sitika da zane duk ba su da amfani, kuɗinsa a kunne za a kashe. NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta da murya, kyauta ce, an fara ta a Ostareliya a 2006, kuma tana karanta Rashanci. Muryar da take zuwa da ita ta ƙarfe ce, ga mai koyon harshe tana iya ɓata masa lafazi. A ƙara mata muryar RHVoice, ita ma kyauta, wadda wata makauniya ƴar Rasha mai suna Olga Yakovleva ta ƙirƙira, kuma makafin ƙasar da yawa da ita suke aiki. JAWS, wata manhajar irin NVDA, ta kuɗi ce, kuɗi kuma ba kaɗan ba, sai dai tana bari a gwada ta na minti 40 a kowane kunnawa, don haka babu dalilin biya kafin a ji bambancin da kunne. Mac na zuwa da tata irin manhajar, VoiceOver, da muryar Rashanci mai suna Milena. A kunna furta kowane harafi yayin dannawa, domin babbar masifar mai harshe biyu ita ce rubutu a tsarin da ba shi ba: ka yi niyyar привет, ka tarar da ghbdtn. Mai ido zai gani a kalmar farko, makaho sai ya cika shafi. Na'urar rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo masu tasowa kuwa ta fi laftof ɗin tsada sau da yawa. Wanda zai yi karatun harshen kansa, yana buƙatar jin ƙarshen kowace kalma a yatsa, shi ya cancanci wannan kashe kuɗin. Sauran su fara da belin kunne mai kyau.

Kowa na tambayata batun rubutu da murya, kamar shi ke nan an huta. Google Docs yana karɓar Rashanci, har da faɗa masa ya sa aya ko waƙafi, haka ma Windows 11 ta hanyar danna maɓallin Windows da H. Duka biyun sai da intanet. Matsalar ita ce bakinmu. Sunaye a Rashanci suna sauya ƙarshe gida shida, kuma wasalin da ba a ƙarfafa ba yana canza sauti: молоко, wato madara, ana furta shi kamar malako. Na'urar na cankar abin da kake nufi, in lafazinka bai nuna ba sai ta canki wani abu, gyaran kuma da hannun da kake gudun wahalarwa za a yi. Ga wanda ya iya harshen sosai hanya ce mai kyau, a saya masa makirufo mai maƙalewa a kai. Ga ɗan koyo, taimako ne na gefe.

Wanda hannayensa biyu ba sa aiki, kafin a yi maganar na'urar bin ƙwayar ido ta Tobii, a gwada Camera Mouse, manhajar kyauta da ke motsa linzami da motsin kai ta kyamarar laftof, a haɗa ta da allon kan fuska. Sai in wuyan ma ba ya juyawa ne za a tafi ga ta idon, kuma kada a biya sai an ga haruffan Rashanci sun fito a manhajar da za ta yi aiki da ita.

Shi ɗan yayar tawa, daga ƙarshe laftof na hannu muka saya masa, da sitika fakiti biyu, da linzami mai ƙwallo. Ya zauna a kan tsarin Typewriter da Sticky Keys, muka ƙara masa tsarin Hausa na Windows saboda ƙ da ɗ da ɓ, ya zama harshe uku yake juyawa da babban yatsa da ɗan ƙarami. Allon waje ya saya da kansa mako biyu bayan isarsa. Ɗan mitsitsin da na sayo kuwa yana nan cikin durowata, ragowar kuɗin kuma rigar sanyi aka saya masa da su.