JWST ko MeerKAT, ina ake samun lokacin babban bincike?

Ɗan'uwa da ka tambaya wanne ya fi sauƙin samun lokacin amfani da shi cikin na'urorin hangen sararin samaniya biyu, JWST ko MeerKAT, in mutum yana son ya share babban fili a sama yana ƙirga galaksi (wato manyan tarin taurari), gaskiya hanyoyinsu ba ɗaya ba ne sam.

JWST dai, wato na'urar James Webb, an harba shi sararin samaniya 25 ga Disamba 2021, madubinsa mita 6.5, kuma cibiyar STScI da ke Baltimore a Amurka ce ke karɓar takardun neman lokaci, kusan duk shekara suna buɗe ƙofa, kowa daga ko'ina zai iya turawa ba ruwansu da fasfonka. Abin da ya fi burge ni, masu tantancewa ba sa ganin sunanka, hujjarka kawai za su karanta, to ɗalibi da farfesa layi ɗaya suke. Amma cunkoson fa! A zagaye na uku awoyin da aka nema sun ninka waɗanda ake da su kusan sau tara. Sannan idon JWST akwai kaifi amma ba faɗi, ka duba COSMOS-Web, wani babban aikin binciken galaksi da aka yi da shi, awa 255 aka ba masu aikin, filin da suka rufe bai wuce faɗin farin wata cikakke guda uku ba. Kuɗin aiki na NASA kuma sai wanda yake cibiya a Amurka, kai lokaci kawai za ka samu.

MeerKAT kuwa na rediyo ne, faranti 64 a Karoo ta Afirka ta Kudu, kowanne mita 13.5, an ƙaddamar a 2018, SARAO, cibiyar binciken sararin samaniya ta rediyo ta ƙasar, ke riƙe da shi. Nan matsalar ita ce an yi rabon manyan ayyukan tun wajen 2010, kafin ma a kafa farantan, manyan ayyukan bincike irin su LADUMA da MIGHTEE da MeerTime duk a lokacin suka kama wuri. LADUMA kaɗai dubban awoyi za ta ci tana kallon wuri guda tana neman haidirojin. Akwai kiran da ake buɗe wa kowa daga baya, amma awoyin ba su kai na waɗancan ba.

Ni dai in ni ne kai, ba zan tura takarda ni kaɗai ina neman ɗaruruwan awoyi ba, ko a ina. Zan rubuta wa shugabannin MIGHTEE in nemi shiga tawaga, a gefe kuma in sauke bayanan COSMOS-Web da suke kyauta a MAST, rumbun adana bayanan STScI, in fara koyon aiki a kansu.