Kan jirgin Kano a teburi: a matse ƙafafu ko a sake jiki?

Malam, tambayar da ka yi jiya ita ce: ka samu ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa na dizal, na ma'aunin HO, na hannu, kana son ka mai da shi irin na tsohon layin Legas zuwa Kano, shin fenti kaɗai ya isa? Fenti zai ba ka launi, amma ba zai ba ka tsayuwar jirgin ba, kuma dalilin yana ƙasa wurin ƙafafu.

Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. HO kuwa, wato kashi ɗaya cikin 87 na girman jirgin gaske, an yi layin dogonsa mai faɗin milimita 16.5 ne don ya wakilci layi mai faɗin 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Jirgin tsohon layi jikinsa yana fita waje sosai a kan ƙafafun da suka shige ciki, shi ya sa kake gane shi tun daga nesa. Hanya biyu ake bi a samu wannan.

Ta farko, ka bar jikin a ma'auninsa na 87 ka matse ƙafafun. Idan ka raba 1,067 da 87 za ka samu 12 da 'yan kai, kuma dogon milimita 12 yana kasuwa: kamfanonin Peco da Tillig suna yi, kamfanin Bemo ma a kansa yake gina samfurin jiragen duwatsun Suwizalan. Daɗin wannan hanya shi ne duk kayan ado na HO naka ne, ƙaho, fitila, direba, motoci, gine-gine. Wahalarta kuma ba ƙarama ba ce. Milimita huɗu da rabi za ka rage tsakanin taya da taya, alhali a yawancin kawunan dizal akwatin giya ne ya cike wurin. Juya naka ka duba tun kafin ka sayi komai. In babu sarari, sai an goge akwatin ko an sake bogi, wato firam ɗin da ke riƙe da tayoyin, gaba ɗaya, kuma kuskure kaɗan a aksil, sandar da ke haɗa taya da taya, ya isa ya sa jirgi ya riƙa ɗingishi ko ya sauka daga layi a kowace mararraba.

Ta biyu, kada ka taɓa injin da faɗin da ke tsakanin ƙafafun, ka ɗora musu sabon jiki a ma'aunin kashi ɗaya cikin 64. Raba 1,067 da 64 yana ba da kusan 16.7, ka ga dogon da kake da shi ya dace ke nan. Masu wannan sha'awa a Niyuzilan da Ostareliya sun daɗe a kan haka, don su ma suna da layi mai wannan faɗin. Nan aikin wuƙa da rula ne: fallen roba mai kaurin milimita 1 don bango, rabin milimita don ƙofofi da murafe, siririyar wayar tagulla don maƙaman hannu. Komai ya fi girma, ido yana gani, yatsa yana kamawa, kuma in ka ɓata bango ɗaya ka yanko wani. Abin da za ka rasa shi ne kayan ado na saye, don na 64 ba su da yawa, sai motocin wasan yara irin na Hot Wheels da suke kusa da ma'aunin. Sannan tayar HO za ta yi wa sabon jikin ƙanƙanta: mai milimita 11.7 tana zama kamar santimita 75 ne kawai, don haka nemi wadda ta kai 14 in bogin zai ɗauka.

Ni ta biyun nake ba ka shawara, ba don ta fi sauri ba, don ba ta fi ba. Tana barin abin da ke tafiya lafiya ya ci gaba da tafiya, ta kai wahalarka wurin da ake gani. Ta farkon ta wanda ya riga ya tara gine-gine da taragai na HO ce, kuma hannunsa ya saba da giya.

Kowacce ka ɗauka, nemi hoton kan jirgi guda ɗaya mai lamba, ta gaba da ta gefe, ka bi shi, kada ka haɗa daga tunani. In naka na Turai ne mai faifan karo biyu a gaba, cire su, na tsohon layinmu maƙalli ɗaya ne a tsakiya. Sa lambobi a kan fenti mai sheƙi, sannan ka rufe da banish marar sheƙi. Gilashin taga da farin gam na kafinta ake liƙa shi, sufa gulu yana sa shi hazo. Ƙura kuma ja ce irin ta ƙasarmu, ba toka-toka ta hotunan Ingila ba: a goga garin allin launi da busasshen buroshi daga ƙafafu zuwa sama, baƙin hayaƙi a rufi kewaye da bututu, maiƙo kaɗan a bakin tankin mai.

Turo mana hoton ƙasan bogin da rula a gefensa, daga nan za a san ko ta farkon ma tana yiwuwa.