Insulin da Mitar Suga ga Kyanwa: Abin da Zan Saya da Abin da Na Daina Taɓawa

Goje, muzurun gidanmu, yana da shekara 9 lokacin da na lura kwanon ruwansa ba ya kwana da ruwa. Ga ci kamar gara, amma kullum sai zubewa yake yi, har na fara jin ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna idan na shafa shi. Daga baya ƙafafunsa na baya suka daina tsayawa a kan yatsu, ya koma taka ƙasa da dunduniya kamar zomo. Likitar dabbobi ta ɗebi jini da fitsari, ta ce: "Hajiya, ciwon suga ne. Allura zai riƙa karɓa safe da yamma, kuma ke za ki riƙa yi masa." Tun daga ranar na shiga sayen kayan da ban taɓa sanin sunansu ba, na yi asarar kuɗi a wasu, ɗaya kuma ya kusa raba ni da dabbar. Wanda aka gaya wa irin wannan magana kwanan nan, ga abin da zan ce masa kafin ya nufi famasi.

A insulin dai ni Lantus na zaɓa, kuma har gobe ita zan zaɓa. Sunan maganin glargine, kamfanin Sanofi ke yin ta, don mutane aka yi ta, ruwanta garau kamar na famfo. Mutum sau ɗaya yake yin ta a rana, amma jikin kyanwa yana saurin cinye ta, don haka sau biyu ake yi, awa 12 tsakani. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne sanyin aikinta. Tana sauke sugan a hankali, ta riƙe shi na tsawon awanni, ba ta fyaɗa shi ƙasa lokaci guda sannan ta sake shi ya tashi. Kuma da yake masu ciwon suga a cikin mutane suna amfani da ita, duk babban famasi mai firji za a iya samun ta, ba sai an jira wani ya dawo daga Ingila ba. Akwai wani abu kuma da ya bambanta kyanwa da kare: idan an kama ciwon da wuri, aka daidaita sugan da insulin mai dogon aiki, aka rage mata abinci mai sitaci, wata kyanwar takan warware har a daina yi mata allura. Ba kowace ba, amma yana faruwa, kuma glargine na cikin waɗanda likitoci suka fi ambata a wannan fage. Goje bai kai nan ba, sai dai daga yunit 2 ya sauko yunit 1, ya mayar da jikinsa, tafiyarsa ta miƙe.

Ku sayi wadda ke zuwa a mazubi mai siffar alƙalami, mai mililita 3, wato yunit 300. Kwalbar mililita 10 yunit 1000 ce, kyanwar da ke karɓar yunit 2 safe da yamma kuwa sai ta yi kwana 250 kafin ta ƙarar da ita, alhali takardar maganin kwana 28 ta ba shi bayan an fara huda shi. Wasu likitocin dabbobi suna barin a wuce haka idan yana cikin firji kullum, wannan ku tambayi naku. Alƙalamin yunit ɗaɗɗaya yake murɗawa, ba ya ba da rabi, shi ya sa nake zuƙo maganin da sirinji ta bakin robar. Idan Lantus ta yi tsada, Basaglar da Semglee su ma glargine ne masu ƙarfi ɗaya, amma kada a sauya sai likita ya sani. Toujeo kuwa, duk da glargine ce, ƙarfinta ninki uku ne, U-300, kada a kuskura a zuƙe ta da sirinji.

ProZinc magani ne mai kyau, don dabbobi aka yi shi, sai dai shigo da shi ake yi, kuma ba ni da tabbacin sanyin da ya samu a hanya. Caninsulin ya fi dacewa da kare, a jikin kyanwa yakan ƙare kafin lokacin allura ta gaba. Mixtard da Insulatard da Actrapid, waɗanda suka cika firjin kemis-kemis, ba na kyanwar gida ba ne, ko da an ce sun fi araha. Magungunan sha na baya-bayan nan, Bexacat da Amurka ta amince da shi a 2022 da Senvelgo a 2023, na kyanwar da ba a fara wa insulin ba ne, kuma suna buƙatar sa ido irin na asibiti.

Yanzu ga inda na ƙone. Insulin iri biyu ne ta fuskar ƙarfi: U-100, mai yunit 100 a kowace mililita, da U-40, mai yunit 40. Lantus U-100 ce, ProZinc da Caninsulin U-40 ne. Kowane da sirinjinsa, na U-100 yawanci murfinsa ruwan lemo, na U-40 ja. Wata na biyu da fara jinya sirinjina suka ƙare, na tsaya a wani shago da ba nan na saba saye ba. Yaron shagon ya miƙo mini masu jan murfi. Na ce masa nawa ba haka suke ba. Ya ce: "Hajiya, duk ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta." Na karɓa. Da yamma na ja magani zuwa layi na biyu kamar kullum, na yi wa Goje. Layi biyu na sirinjin U-40, idan aka cika shi da maganin U-100, yunit 5 ne, ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na ji abu yana karo da ƙafar gado. Na kunna fitila na gan shi yana tangaɗi, idanunsa sun buɗe baƙi ƙirin, yana kallona bai gane ni ba. Na huda kunnensa hannuna na rawa, mitar gwajin suga ta nuna 38, sugan ya faɗi ƙasa sosai. Na lakato zuma da yatsa na goga masa a dasashi, maigida ya tayar da mota, muka kira likita a hanya. Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar ba na karɓar sirinji sai na karanta U-100 a jikin ledarsa da idona, launin murfi ma ba na dogara da shi kaɗai. Ku nemi ƙarami, mai mililita 0.3, wanda ke da layin rabin yunit, allurarsa siririya lamba 30 ko 31. Sirinjin mililita 1 na allurar yau da kullum, wanda aka zana da mililita ba yunit ba, ku mayar wa mai shi.

Mitar da ta cece shi a daren nan ta mutane ce, kuma ita nake ba kowa shawara a kai. Dalilin gwaji a gida shi ne kyanwa idan ta tsorata suganta hawa yake yi. Sanya ta a kwando, hayaniyar mota, warin karnuka a asibiti, duk sun isa su ɗaga lambar, likita ya ga kamar maganin ya yi kaɗan ya ƙara, a dawo gida kuma ya yi yawa. A ɗakinta, a kan cinyar mai ita, nan ake samun lambar gaskiya.

Ni Accu-Chek Instant nake amfani da ita. Jinin da take buƙata kaɗan ne, 0.6 na maikurolita, ɗigon da bai kai kan allura ba, kuma tsinken gwajin da ake soka wa mitar da kansa yake tsotse jinin da zarar ya taɓa shi. Wannan tsotson shi ne komai idan kunnen kyanwa kake riƙe da shi, don ba za ta tsaya ka tatso ɗigo babba ka ɗora ba, girgiza kai ɗaya za ta yi jinin ya watse a bango. Ba ta buƙatar a sa mata lamba idan an buɗe sabon gwangwanin tsinke, kuma tsinkenta ana samu a gari. Contour Plus ita ma 0.6 ce, har tana ba da 'yan daƙiƙoƙi a ƙara jini idan bai isa ba, duk wanda tsinkenta ke kusa da shi ya saye ta da kwanciyar hankali. Accu-Chek Active sai an ɗora mata ɗigo a kan tsinke, kuma ta fi son jini, na ajiye ta bayan mako guda. AlphaTrak ta kamfanin Zoetis don jinin kare da kyanwa aka saita ta, takan fi mitar mutane daidai a jininsu, amma ranar da tsinkenta ya ƙare ta zama kayan ado. FreeStyle Libre, faifan da ake mannawa a fata ya yi kwana 14 yana karantawa, yana da amfani a makonnin farko, sai dai kyanwa takan ɓamɓare shi tun kafin kwanakin su cika.

Mitar mutane takan nuna lambar da ta ɗan gaza ta ainihi a jinin kyanwa, saboda kusan duk sugan kyanwa a ruwan jini yake, na mutum kuwa kaso mai yawa yana cikin ƙwayoyin jini. Wannan ba matsala ba ce muddin likita ya san irin mitar da kuke da ita, kuma ba ku sauyawa daga wannan zuwa waccan. A kula da ma'auni kuma. Wata mitar mg/dL take nunawa, wata mmol/L, ana ninka ta biyun da 18 a sami ta farkon. 'Yan uwanmu na Nijar da suka saba da g/L, giram 1 daidai yake da 100 a mg/dL.

Amma mita komai kyanta, tsinke ne ranta, kuma a nan macuta suka yi sansani. Jabun tsinken gwaji ba sabon abu ba ne, ko a Amurka hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a kansa a 2006. Ni an taɓa sayar mini da gwangwani mai araha da ya riƙa ba ni 140, 150, alhali Goje na shan ruwa kamar raƙumi. Da na kankare takardar da ke gindin gwangwanin, sai ga wata a ƙarƙashi, kwanan watanta ya wuce da daɗewa. Kwana goma ina murna da lambobin ƙarya. Don haka ku duba kwanan wata a kwali da kuma a gwangwani, lambar rukunin ta zo ɗaya a duka biyun. Ku shafa takardar da farce ku ji ko an liƙa wata a kan wata. Kada ku sayi tsinken da aka ƙirga muku ɗaɗɗaya a leda, iska da laima suna kashe shi. Kada ku sayi wanda ke jere a gilashin da rana ke duka, domin yawancinsu ba a so su wuce digiri 30, zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato kuwa yakan haura 40 a inuwa. Idan kuna shakka, ku gwada jininku da shi, ko ku tafi da mitar asibiti a gwada jini ɗaya da tasu.

Insulin ma haka. Ku nemi lambar NAFDAC a kwali, ku sa a ɗauko muku daga firji a gabanku, ku taɓa ku ji sanyi. Ku tambayi mai shagon abin da ke riƙe firjinsa idan an ɗauke wuta, in ya fara kame-kame ku yi gaba. Lantus da ta yi hazo, ko ake ganin ɗan gari na yawo a ciki, ta lalace. Wadda ta taɓa daskarewa ma ta mutu ko da ta narke ta koma garau, shi ya sa ba a jingina ta da bangon firji na ciki ko a kwantar da ita kai tsaye a kan ƙanƙara. Tsakanin digiri 2 da 8 take so. Wanda ya kawo muku ita a aljihu yana cewa ragowar ta wani mara lafiya ce zai bayar a rabin kuɗi, ku ce masa Allah ya ba da kasuwa. Ni da kula nake zuwa sayenta, in naɗe ta a tawul kafin in sa ta kusa da ƙanƙara. Idan wuta ta yi kwanaki, nakan sa ta a roba mai murfi in ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da ke zaune a jiƙaƙƙen yashi, a ɗakin da ya fi sanyi. Wannan dabarar wucin gadi ce, ba ta maye gurbin firji.

Huda kunnen shi ne abin da kowa ke tsoro, kuma ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Ina zuba ɗanyar shinkafa a safa, in ɗumama ta kaɗan, in riƙe a kunnensa na minti ɗaya don jini ya taru. Idan aka haska tocila ta bayan kunnen za a ga siririyar jijiya tana bin gefe. Tsakaninta da bakin kunnen nake hudawa, auduga a ɗaya ɓangaren don kare yatsana, in taɓa tsinke, in danne wurin kaɗan, in ba shi ɗan tsokar kaza. Yanzu da ya ji ƙarar murfin gwangwani da kansa yake hawowa cinyata. Allurar kuma a fatar gefen ƙirji nake yi, in ɗaga ta da yatsu biyu, ina sauya wuri kullum. Idan ban tabbata ta shiga ba, ko na ji gashin ya jiƙe, ba na sakewa sai lokaci na gaba.

Likita kan fara da yunit 1 ko 2, kuma shi kaɗai ke ƙarawa ko ragewa. Bayan mako ɗaya ko biyu zai so a yi gwaji duk awa 2 daga allurar safe zuwa ta yamma, don ya ga inda sugan ya fi sauka. Yawanci ana so mafi ƙanƙantarsa ya tsaya tsakanin 80 da 150 a mg/dL. Ku sa ya rubuta muku lambar da in kun gan ta kafin allura za ku dakata ku kira shi. Ku haɗa da tsinken gwajin fitsari na ketone, wato sinadarin da ke taruwa a jiki idan insulin ya yi kaɗan, domin ranar da kyanwa ta ƙi abinci, ko take amai ta yi laushi, shi zai gaya muku ko asibiti za a nufa nan take. Littafin makaranta mai shafi 40 ya ishe ku rubuta lokaci, lamba, yunit da abin da ta ci. Nawa yana kan firji, kusa da kwalbar zumar da ba na bari kowa ya sha shayi da ita.