Asibitin mazaɓarmu: ungozoma ta fitar da mu kunya, allurar BCG ta ba mu wahala

Da naƙuda ta kama ƙanwata cikin watan Agusta, ban so a kai ta ƙaramin asibitin mazaɓarmu ba. Na san shi tun yana kango, awaki na kwana a barandarsa. Amma rafi ya kawo, babu ɗan acaɓan da zai tsallaka da mai naƙuda zuwa babban asibiti da ƙarfe ɗayan dare. Dole muka nufi can.

Sai muka tarar da wuta tar, ashe an sa musu sola. Maigadi ya ƙwanƙwasa wa ungozoma, ta zumbula hijabi ta fito, ko tsaki ba ta yi ba. Haihuwa ta zo da sauƙi. Bayan mabiyiya ta faɗo ne jini ya ɓalle, zani biyu na canza duk suka jiƙe sharkaf. Ni ina ta salati, ita kuwa hannunta na kan marar yarinyar tana murzawa. Ta ce, "Yaya, riƙe min ledar ruwan nan, ɗaga ta sama." Ta yi mata allura, ta sa mata ƙwayoyin misoprostol na tsayar da jini a ƙarƙashin harshe. Kafin assalatu jinin ya tsagaita. Da safe ta ba mu chlorhexidine na shafa wa cibi, ta ja mana kunne kan gasa shi da tsumma ko sa masa man goge baki. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Sai dai haihuwa kyauta da ake ta faɗa a rediyo ban gan ta ba. Safar hannu, auduga, Izal, har ruwan da aka ƙara mata, mu muka biya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne BCG, allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. Wai kwalba ɗaya ta yara 20 ce, in an haɗa ta kuma ba ta wuce awa 6, don haka ba a buɗewa sai jarirai sun taru. Na yarda da hujjar, amma me ya hana a tsayar mana da rana? Sau uku muna zuwa da ɗanyen jego a bayan babur cikin taɓo, ana cewa mu dawo. Ranar da aka yi wa yaron, kwanansa 23 a duniya, uwar kuma ta kwana biyu tana fama da ciwon mara saboda jijjigar hanya.