Gargaɗi ga masu ɗura harsashi da hannu: ana sayar da mai shafe da sunan mai riga

Masu ɗura harsashin libarba da na karbin (gajeriyar bindigar kafaɗa) da kansu, wato masu haɗa kwanso da albarushi da kan harsashi da hannu, a inda doka ta ba da izini, a yi hattara da wasu 'yan kasuwar intanet. Suna tallar kan harsashi mai rigar jan ƙarfe a farashi mai rahusa, amma abin da ke isowa dalma ce mai taushi da aka yi wa siririn shafen jan ƙarfe da lantarki. A ido duka ƙyalli suke yi, shi ya sa ake cin mutane.

Riga ta gaske tana da kauri, tana jure gudun harsasai masu ƙarfi irin su .357 Magnum da .44 Magnum. Mai shafe kuwa, masu ƙera shi da gaskiya sukan ce kada gudunsa ya wuce wajen ƙafa 1,250 a daƙiƙa. Ɗurin da ya fita lafiya daga libarba, idan ya bi bututun karbin mai inci 16 ko 18, gudunsa na ƙaruwa da ɗaruruwan ƙafa. Nan shafen ke ɓarewa, dalma ta manne a bututu, harbi ya watse. Galibi kuma ba shi da tsagin da bakin kwanso ke kamawa. Ka matse bakin kwanson da ƙarfi, ka yanke shafen. Ka sassauta, bugun harbi ya riƙa janyo kan harsashi gaba har ya leƙo ya hana silindar libarba juyawa.

Mafi muni shi ne gauraye. Wasu na tattara kawunan da aka zare daga tsofaffin harsasai su zuba a leda ɗaya. Kan mai nauyin giren 158 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da ya hau kan albarushin da aka auna wa mai giren 125 yana ɗaga matsi fiye da kima, kuma hannunka da fuskarka ne a wurin.

Kafin ka ɗura ko ɗaya, ɗebo goma daga sama da tsakiya da ƙasan kwali ka ɗora a sikeli. Giren 158 wajen giram 10.2 ne. Auna faɗi da maikromita, na'urar auna kaurin ƙananan abubuwa: a .357 Magnum mai riga inci .357 ne, na zubin dalma yawanci .358, a .44 Magnum kuwa yawanci .429 da .430. Sannan ka raba ɗaya da zarto. Riga za ta nuna bango mai kauri, shafe kuwa bai fi ɓawon albasa ba. Duba jikinsu, zoben ƙarzuwa alama ce an taɓa ɗura su.

Duk mai ce maka kai mai tsini ya dace da kowace bindiga, ƙarya yake. A karbin da harsasai ke jeruwa a cikin ma'ajiya mai siffar bututu, hancin na baya yana dafe da firaimar na gaba, wato abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso. Mai tsini na iya tayar da ita, don haka mai faffaɗan hanci ake sakawa.

Tun ƙarancin kaya na 2020 shafukan bogi suka yawaita. Sukan ɗauko hotunan kwalayen kamfanonin ƙera harsashi irin su Hornady ko Sierra, ba adireshi, ba lambar rukunin ƙira a kwali, kuma ba sa karɓar kuɗi sai ta kirifto ko katin kyauta, hanyoyin da ba a iya dawo da kuɗi. Ka nemi hoton kwalin da lambarsa a fili kafin ka biya. In mai sayarwa ya fara kame-kame, rabu da shi.